Wa Ke Yanke Shekarun Kallon Fim?

Duk yaron da ya ɗauki kwalin fim ko na wasan kwamfuta a kantunan Ingila zai ga wata 'yar alama a gefe, mai lamba ko harafi. Sau da yawa ita ke tayar da gardama tsakaninsa da iyayensa. To, wa ke sanya ta, kuma da wane ma'auni?

A Ingila akwai wata hukuma da ake kira BBFC, wadda masu sana'ar fim da kansu suka kafa a 1912. Ma'aikatanta sukan kalli fim tun daga farko har ƙarshe, suna rubuta duk inda aka yi ashar, ko aka zub da jini, ko aka nuna tsiraici, ko shan miyagun ƙwayoyi, ko wani abin firgita. Amma ƙirge kaɗai ba ya isa. Marin da aka yi cikin raha a majigin zane dabam yake da wanda aka yi don cin zali, aka kuma tsaya ana nuna zafinsa. Sukan duba kuma ko akwai abin da yaro zai kwaikwaya a gida ya ji wa kansa rauni. Daga nan sai su sanya fim ɗin a ajinsa. Harafin U na kowa da kowa ne, PG kuwa yana nufin iyaye su yi nazari tukuna. Sai 12A, da 15, da 18.

Shi 12A yana da labari. A 2002 hukumar ta ba fim ɗin Spider-Man lamba 12, watau ba a barin wanda bai kai shekara 12 ba ya shiga, ko da ubansa na riƙe da hannunsa, alhali kuwa yara ne suka fi ɗokinsa. Iyaye suka yi ta ƙorafi, har waɗansu ƙananan hukumomi, waɗanda a doka su ke ba gidajen silima lasin, suka buɗe wa yara ƙofa. Da ma hukumar tana gwajin wani sabon tsari, sai ta fito da shi a shekarar nan: ƙaramin yaro na iya shiga muddin yana tare da babba.

Hukuncin kansa yakan sauya. Fim ɗin Watership Down, labarin waɗansu zomaye, ya sami U a 1978, ya kuwa firgita yara da dama saboda jinin da ke ciki. A 2022 aka mai da shi PG. Haka ma Mary Poppins na 1964, an ɗaga shi zuwa PG a 2024 saboda wata tsohuwar kalma ta raini ga wasu mutanen kudancin Afirka. Fina-finan suna nan yadda suke, jama'a ce ta sake tunani. Shi ya sa bayan kowace shekara huɗu ko biyar hukumar takan tambayi dubban mutane ra'ayinsu kafin ta sabunta ƙa'idodinta.

Wasannin kwamfuta hanyarsu dabam ce, don wani wasan sai ya ci makonni bai ƙare ba. A Amurka sai da 'yan majalisar dattawa suka yi zama a 1993 kan wasanni irin su Mortal Kombat kafin kamfanoni suka kafa hukumarsu a 1994. A Turai kuwa tsarin PEGI ya fara a 2003, da lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. Kamfani ne ke fara amsa dogayen tambayoyi kan abin da ke cikin wasansa, sannan masu bincike su gwada su ga ko ya faɗi gaskiya. A bayan kwalin akwai 'yan hotuna da yaro zai iya ganewa da kansa: dunƙulallen hannu alamar faɗa, gizo-gizo alamar tsoro, allura alamar ƙwayoyi. Tun 2012 laifi ne a Ingila mai kanti ya sayar wa yaro wasa mai lamba 12, 16 ko 18 in shekarunsa ba su kai ba.

Abin da yara suka fi kuskurewa shi ne zaton lambar tana auna wuyar wasa. Wasan dara mai lamba 3 yana iya gagarar dattijo. Akwai kuma inda idon masu bincike ba ya kaiwa: in yaro ya shiga wasa ta intanet tare da baƙi, babu mai iya sanin abin da baƙon zai faɗa masa kafin ya faɗa.