Hasumiyar Gobarau da Katsinawan Maraɗi

 



Ya kyautu a waiwayi gidan da aka baro. Matafiyin da ya tashi daga bakin tafkin Madarunfa, ya bi ta Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka ta Jibiya, ba zai ci kilomita 100 ba sai ga shi a birnin Katsina. A can, tsakiyar tsofaffin unguwanni, hasumiyar Gobarau take tsaye.

Kano tana da dutsen Dala, Zazzau tana da Kufena. Mutanen da can bisa waɗannan duwatsu suke fakewa, daga nan kuma suke hango ƙurar mahara. Katsina kuwa a shimfiɗe take, don haka sai ta gina nata tudun da hannu. Tsawon hasumiyar ya kai kamar mita 15, hawa uku ne, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa, kuma duk da tubali da laka da azarar giginya aka yi ta. Masana sun saɓa a kan shekarar ginin, amma galibi suna danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda ake cewa shi ne sarkin Katsina na farko Musulmi. Masallaci ne da makaranta tun asali: ladan ya hau ya kira salla, ɗan tsaro ya hau ya duba daji.

Matakalar tana da ƙunci, mai babbar riga sai ya tattare ta. Idan Bamaraɗe ya kai ƙololuwa, arewa ya kamata ya fuskanta. Ta nan kakanninsa suka bi a 1807, lokacin da birnin ya faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje da jama'ar jihadi. Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya ja ragowar mutane har suka zauna a Maraɗi. Shi ya sa har yau ake ce wa mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina. Yaƙin ya daɗe da mutuwa, auratayya da kasuwa sun binne shi, amma yaro a lakwal ya san Faransa a taswira, bai san wannan ba.

Abin da zai dami mai kallo shi ne ganuwa. Bature Barth, da ya iso Katsina a 1851, ya tarar da katanga mai kauri ta kewaye gari da gonaki. Yau sai guntaye nan da can, da sunayen ƙofofi: Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa. Damina ta ci rabonta, masu ɗibar ƙasa suka ƙarasa. Hasumiyar ta tsira ne saboda ba a daina yi mata yaɓe ba.

Roƙon da ake gabatarwa gaban sarki ke nan: idan hanyar Jibiya ta yi lafiya daga ƴan bindiga, fada ta shige gaba a riƙa kai ɗalibai Gobarau, tare da dattijo guda wanda zai nuna musu inda Ɗankama take.