Ɗalibin Jami'a da Abincin Gaggawa

A jami'o'in ƙasar Amurka akwai wani zancen raha da ɗalibai ke yi wa junansu, suna cewa duk wanda ya shigo ajin farko, kafin shekara ta kewayo sai ya ƙara nauyin fam 15, watau kimanin kilo 7. Binciken masana ya nuna cewa an zuzuta lissafin, domin matsakaicin ƙarin bai cika wuce kilo 1 zuwa 2 ba. Amma duk da haka zancen yana da tushe, gama ƙibar da aka tara lokacin ƙuruciya ba ta saurin barin jiki.

Asalin abincin gaggawa irin na zamani kuwa, yawanci akan danganta shi da wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, waɗanda a shekarar 1948 suka sake tsarin ɗakin cin abincinsu a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya. Suka rage yawan kalolin abinci, suka raba aikin dafuwa daki-daki kamar a masana'anta, har ya zama mai saye ba ya jira. A 1955 Ray Kroc ya buɗe reshe a jihar Illinois, a 1974 kuma kamfanin ya iso birnin London. Daga nan wannan salo ya bazu ko'ina, har ƙofar jami'o'i.

To, me ya sa ɗalibi ya fi kowa faɗawa wannan tarko? Da farko dai ya bar gida, ya bar tukunyar uwa, ga shi sau da yawa bai iya girki ba. Na biyu, aljihunsa ba nauyi, lokacinsa kuma ƙalilan ne. Na uku, yakan raba dare yana karatu, ƙarancin barci kuwa yana ƙara wa mutum jin yunwa da kwaɗayin maiƙo da zaƙi. Sai ya wayi gari bai karya kumallo ba, ya wuni zaune a aji, da dare ya aika a kawo masa abinci ta wayar hannu.

Lissafin ba shi da wuya. Baligi yana bukatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini. Babban burodi mai niƙaƙƙen nama a ciki, da soyayyen dankalin turawa, da babban kofin lemo, sukan haura kalori 1,000 a zama guda. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari giram 35, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada sukarin da baligi ke sha ya wuce kimanin giram 50 a yini. Abin da jiki bai ƙona ba, kitse yake zama, daga nan kuma sai ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya su sami ƙofa.

Hukumar ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da teɓa. Gwamnatoci sun ɗan yunƙura: Meziko ta ɗora haraji kan lemo mai sukari a 2014, Birtaniya ta bi sahu a 2018, a shekarar ce kuma Amurka ta tilasta wa manyan kamfanonin abinci rubuta yawan kalori a jikin farashi.

Sai dai haraji ba ya shiga ɗakin ɗalibi ya ɗora masa tukunya. A ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata, har iyaye kan yi murna idan ɗansu ya dawo hutu daga ƙasar waje ya yi kumatu. Ya kamata a sake duba wannan ra'ayi. Yaron da aka koya wa dafa wake da shinkafa da miyar ganye kafin ya tafi, ya kuma saba shan ruwa maimakon lemo da tafiya a ƙasa zuwa aji, an ba shi guzurin da zai kai shi gaba da ranar karɓar digiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.