Kada Ka Sari Itace Sai Ka Tambaya

Yau maganarmu a kan itace ce, watau itacen da ke tsaye a wurin da mutane da yawa su ke zaune tare. Wa ke da ikon sare shi? Wa za a tambaya? In an sare ba a tambaya ba, me zai faru? Zan gaya muku yadda a ke yi a ƙasar Ingila, domin dokarsu a kan wannan abu a rubuce ta ke filla-filla. In mun gama, sai mu komo gida mu duba namu.

Gida ɗaya, iyali da yawa

A biranen Ingila fili yana da tsada ƙwarai. Saboda haka a kan gina dogon bene, hawa biyar ko goma ko fiye, a raba shi sassa-sassa. Kowane sashe yana da ɗakin kwana da ɗakin girki da bayan gida, kuma kowane sashe da iyalinsa. Sai ka ga iyali masu yawa cikin gini ɗaya, ba dangin iya ba na baba. Filin da ke kewaye da ginin kuwa ba a raba shi. Galibi na mai gidan ne, ko na kamfanin da ke lura da gidan. Mazauna su kan biya kuɗi kowace shekara domin gyaran wurin.

To, a ce akwai wani babban itace a wannan fili. Mutumin da ke hawan ƙasa ya ce itacen ya tare masa rana, ɗakinsa kullum da duhu da sanyi. Ku tuna Ingila ƙasar sanyi ce. Mu inuwa mu ke nema, su kuwa rana su ke nema. Wata mata da ke hawa na uku ta ce a'a, ita dai tana jin daɗin ganin ganye da tsuntsaye ta tagarta. Wani ya ce saiwar itacen ce ta tsaga bangon gidan. Mai gida kuwa so ya ke a kawar da shi, ya sami wurin ajiye motoci. Kowa da nasa dalili. Maganar wa za a bi?

Odar kare itace

Kafin a bi maganar kowa, sai an duba ko itacen nan yana da kariya. A dokar tsara garuruwa ta 1947 an ba hukumar kowane gari iko ta sa wa itace takarda, wadda a ke kira odar kare itace. Dokar da a ke aiki da ita yanzu ta 1990 ce, tare da ƙa'idodin da aka fitar a 2012. A kan sa odar a kan itace guda, ko a kan tarin itatuwa, ko a kan kurmi ɗungum. A kan zana taswira a nuna inda kowane itace ya ke.

Hukuma ba ta duban tsadar katako. Abin da ta ke duba shi ne ko jama'a suna amfana da itacen, ko yana ƙawata unguwa, ko masu wucewa suna ganinsa. In an sa sabuwar oda, a kan aika wa mai filin takarda, a ba shi aƙalla kwana 28 ya kawo ƙorafi in yana da shi. Hukuma kuma tana da wata shida ta tabbatar da odar, in ba haka ba ta faɗi.

Da zarar an sa oda, ba a sare itacen, ba a tuge shi, ba a yanke kansa ko rassansa, ba a kuwa yi masa lahani da gangan, sai da izni a rubuce. Yanke saiwa ma sai da izni. Amma ku lura da abu ɗaya. Hukuma ba ta ƙwace itacen ba. Yana nan na mai shi, kuma shi ne zai ci gaba da lura da lafiyarsa da kuɗinsa.

Akwai kuma tsofaffin unguwanni da a ke kiyayewa saboda tarihinsu. A can, ko itace ba shi da oda, in kaurinsa ya wuce santimita 7 da rabi, watau kamar kaurin taɓarya, sai an sanar da hukuma mako shida kafin a taɓa shi. A kan auna kaurin a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Cikin mako shidan nan hukuma za ta duba, ko ta ƙyale a yi aikin, ko ta sa wa itacen oda.

Yadda a ke neman izni

Da fari, a tambayi ofishin hukumar gari ko itacen yana da oda. Suna da littafi da taswira, kowa yana da ikon dubawa.

Na biyu, a san mai itacen. Wanda ke zaune a sashe ɗaya yana iya rubuta takardar neman izni. Amma ko hukuma ta yarda, ba zai sa zarto ba sai mai filin shi ma ya yarda. Watau izni biyu ke nan, na hukuma da na mai abu.

Na uku, a cika fom. A faɗi irin itacen, a zana inda ya ke, a faɗi ainihin aikin da za a yi, a kuma faɗi dalili. Ba a biyan ko kwabo domin wannan fom. Amma dalili sai da shaida. In ka ce itacen ya ruɓe a ciki, sai ka kawo takardar masanin itatuwa. In ka ce saiwa ce ta tsaga bango, sai ka kawo takardar masanin gini. Wanda ya ce ganye ne ke zuba yana gajiya da shara, sau da yawa ba a karɓar wannan dalili.

Na huɗu, a yi haƙuri. Hukuma tana da mako takwas ta ba da amsa. Malamin itatuwa na hukuma ya kan zo ya duba da idonsa, kuma a kan saurari maƙwabta. Nan ne matar nan ta hawa na uku za ta faɗi nata. Amsa iri uku ce. Ko a yarda, ko a ƙi, ko a yarda da sharaɗi. Misali, a ce a rage rassan da ke tare taga amma a bar itacen, ko a ce a sare amma a dasa wani. Iznin da aka bayar shekara biyu ya ke yi. Wanda aka ƙi masa kuwa yana da kwana 28 ya ɗaukaka ƙara zuwa ga gwamnati.

In itace ya mutu ko ya zama haɗari

Wani zai ce, to, in iska ta karya reshe yana lilo a kan hanyar yara, sai a zauna jiran mako takwas? A'a. Doka ta san da wannan. In akwai haɗari na nan take, a kan yi aikin da zai kawar da haɗarin kurum, sa'an nan a sanar da hukuma a rubuce ba da jinkiri ba. In reshe ɗaya ne ya karye, reshen nan za a cire, ba itacen duka ba. In kuwa itace ya mutu murus, a kan ba hukuma sanarwar kwana biyar na aiki kafin a sare. Busasshen reshe a jikin itace mai rai a kan cire shi ba sai an sanar ba.

Mai hankali ya kan ɗauki hoton itacen kafin ya taɓa shi, domin in magana ta kai kotu, shi ne zai nuna cewa lalle ya mutu ko ya zama haɗari. Itacen da ya fara ciwo amma bai mutu ba, tun 2012 an fitar da shi daga cikin wannan sauƙi. Sai an nemi izni.

Hukuncin wanda ya ƙi bi

A da, ƙaramar kotu ba ta wuce tarar fam 20,000 ga wanda ya hallaka itace mai oda. Tun 2015 an cire iyakar. Alƙali kuma ya kan duba ribar da mutum ya samu da sarar. A 2012 an yi wata shari'a a kudancin Ingila, a bakin teku. Wani mutum ya sa aka sare itacen da ke gidan maƙwabcinsa, domin ya riƙa hango ruwa daga gidansa. Kotu ta ci shi tarar fam 75,000. Ta kuma karɓi fam 50,000, watau ƙarin darajar da gidansa ya samu bayan an kawar da itacen.

Abu uku na ke so ku riƙe a nan. Na ɗaya, cewa "ban san yana da oda ba" ba ya fid da mutum. Na biyu, wanda ya sa a sare da wanda ya riƙe zarto duka doka tana kama su. Na uku, tilas ne mai fili ya dasa wani itace a gurbin wanda aka sare, kuma odar tana komawa kan sabon. Kun ga wanda ya sare domin ya sami fili ya yi biyu babu. Ga tara, ga kuma itace ya komo.

Mu komo gida

Kada ku ce wannan al'amarin Turawa ne kurum. Tun kaka da kakanni ba kowane itace a ke sa wa gatari ba. Mai sassabe ya kan bar ɗorawa saboda kalwa da daddawa. Ya kan bar kaɗanya saboda man kaɗe, da kuka saboda miya, da tsamiya saboda kunu. Gawo kuwa kun san halinsa. Da damina ya kan zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da abinci. Kuma kowa ya san wanda aka ba aron gona noma aka ba shi, ba a ba shi itatuwan ya sare ba. Ashe shi da mai zama a sashen bene a Ingila hukuncinsu ya yi kama.

Hukuma ma ta sa hannu. A Jamhuriyar Nijar dokar daji ta 1974 ta jera ire-iren itatuwan da ba a sara sai da izni, gawo yana ciki, kuma an yi sabuwar dokar daji a 2004. A Nijeriya kowace jiha da tata dokar daji, da ma'aikatanta masu ba da izni. Ga bambancin. A Ingila itace guda a ke nunawa a taswira a ce wannan ne. A irin dokar Nijar kuwa iri a ke ambata, ko'ina ya tsiro. Amma manufa ɗaya ce. Itacen da ya yi shekara 50 yana girma, kada mutum ɗaya ya kayar da shi da hantsi ɗaya domin biyan bukatarsa.

Da yawa daga cikinku ku kan tafi birni cin rani. Waɗansu su kan sauka a gidan haya mai darbejiya ko mangwaro a tsakar gida. Waɗansu kuma faskare da sarar itace ne sana'arsu. To, in wani ɗan haya ya kira ka ya ce ga itace ka sare, ka tambaye shi, "Maigida, naka ne? Mai gidan ya sani? Sauran mutanen gidan sun yarda? Akwai takardar izni?" In ya ce akwai, ka ce ya nuna maka, ka duba sunan wurin da kwanan wata da irin aikin da aka yarda a yi. In ya fara kame-kame, ɗauki gatarinka ka yi gaba. Ladan yini ɗaya bai kai tara ba.

A ƙauye ma haka. Itacen bakin masallaci, da na kasuwa, da na bakin rijiya, da na kan iyakar gona, kada wanda ya taɓa sai an gaya wa mai unguwa ko dagaci, an kuma ji daga bakin malamin daji. In rassa ne ke damunka, nemi a rage rassa. In dole sai an sare, a sami izni a rubuce a ajiye, kuma kafin damina ta wuce a dasa wani, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Tambaya ba ta cin kuɗi, amma itacen da ya faɗi ba mai iya tā da shi.

Iyakar jawabina ke nan. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.

Tambayoyi

1. Izni nawa mai zama a sashen bene ya ke bukata kafin a sare itace mai oda? Na su wane ne?
2. In reshe ya karye yana lilo a kan hanya, me doka ta yarda a yi?
3. Faɗi itatuwa biyar da a kan bari a gona, da amfanin kowane.
4. A garinku, wa a ke tambaya kafin a sari itacen kasuwa?