Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Jawabi Kan Maƙeran Wasannin Kwamfuta Da Masu Buga Su



Mu ɗalibai ne da muka fito daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abin da za mu yi magana a kai shi ne dangantakar mai ƙirƙirar wasan kwamfuta da jama'ar da ke buga wasan, musamman a lokacin da ya fara sayar da shi alhali bai gama ba. Wataƙila wani ya ce ina ruwan ɗan jami'a da zancen wasa. To, a yi haƙuri a saurare mu, domin zancen ya shafi amana, ya kuma shafi muryar wa ake ji, ta wa ake mantawa da ita.

A da, sai kamfani ya kammala wasa sarai kafin ya kai shi kasuwa. Amma a shekarar 2009 wani mutumin Suwidin mai suna Markus Persson ya fitar da wasansa Minecraft tun yana ɗanye, ya riƙa sayar da shi da rahusa, yana gyarawa yana sauraren masu saye, har aka kammala shi a watan Nuwamba na 2011. Bayan shekara uku kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 2.5. A watan Maris na 2013 kuma kamfanin Valve na Amurka ya buɗe sashe a kasuwarsa ta Steam domin irin wannan ciniki, wanda za mu kira shigar wuri. Wato mai saye ya biya yanzu, ya shiga ginin da ba a yi wa rufi ba, ya riƙa nuna wa magini inda katanga ta karkace.

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai waɗanda suka yi askin. Kamfanin Supergiant ya buɗe wasansa Hades a watan Disamba na 2018, ya yi ta ƙara masa sassa a kai a kai, yana bayyana gyare-gyaren da aka yi saboda shawarar 'yan wasa, har Satumba na 2020. Haka kamfanin Larian na Beljiyam ya saki kashin farko na Baldur's Gate 3 a Oktoba na 2020, bai kammala ba sai Agusta na 2023. Da jama'a suka koka cewa abokan tafiyar jarumin sun cika baƙar magana, sai aka sassauta halinsu. Da suka koka cewa ƙuri'ar wasan takan yi ta faɗuwa a jere har mutum ya ƙosa, sai aka ƙara zaɓin da zai rage haka.

Akwai kuma waɗanda suka karɓi lada suka ajiye aska. Kamfanin Double Fine ya fara sayar da Spacebase DF-9 a 2013, amma a 2014 ya tsayar da aikin saboda kuɗi bai ishe shi ba, abubuwa da yawa da aka sa wa mutane rai ba su samu ba. Mafi muni shi ne The Day Before, wanda aka saki ranar 7 ga Disamba 2023, bayan kwana huɗu kamfanin da ya yi shi ya ce ya rufe, aka koma mayar wa mutane kuɗinsu. Dara ta ci gida ke nan.

Tun da mun ambaci dara, bari mu dawo gida. Darar da dattawanmu ke yi a gindin bishiya, da gurabunta talatin da 'ya'ya goma sha biyu a kowane hannu, ba wani mutum ɗaya ya zauna ya yanke mata doka ba. Masu yin ta ne suka yi ta gardama, suna gwadawa suna gyarawa, shi ya sa dokar wani gari takan ɗan saɓa da ta wani. Haka langa, haka dambe. Ashe kenan shawara tsakanin mai tsara wasa da mai buga shi tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Bambancin kawai shi ne, a gindin bishiya duk wanda ya zo za a ji ta bakinsa.

A wasan kwamfuta ba haka abin yake ba. Kamfani yana jin 'yan wasa ta hanya biyu: abin da suka rubuta masa a zaurukan intanet irin su Discord, da alƙaluman da wasan ke aika masa da kansa, masu nuna inda mutane suka maƙale ko suka daina. Dukkan hanyoyin biyu sai da intanet, ta farkon kuma galibi sai da Turanci. To, mu tuna cewa a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni a haka. Yaron da ke buga wasa a wayar yayansa a Sabuwa bai daina samun matsala a wasan ba, sai dai babu wanda ya ji shi. Maƙerin da ya ɗauki shirun irin wannan yaro a matsayin yarda ya yaudari kansa.

Kada mu zaci wannan sana'a ta yi mana nisa. A Legas kamfanin Maliyo, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya yi wasannin waya, har akwai wanda ya sa wa suna Aboki Run. A Kamaru kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion a 2016. Kalmarmu ta riga ta shiga kasuwa, saura mu. Kuma makarantar da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga cikinta a Ƙanƙara a Disamba na 2020, makarantar kimiyya ce. Ƙannenmu ne, kuma cikin irinsu maƙeran gobe za su fito.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta da abubuwa huɗu. Na farko, duk wanda zai ƙera wasa, ya yi shi marar nauyi, mai aiki ba tare da intanet ba, wanda za a iya turawa daga waya zuwa waya. Na biyu, kada ya zauna jiran saƙo. Ya kai gwajin wurin masu cajin waya da gidajen kallon ƙwallo lokacin hutu, ya zauna ya ga inda yatsan yaro ke tuntuɓe, ya kuma tuna da 'yan mata, waɗanda ba a samunsu a waɗannan wurare, sai an bi su gida ta hannun 'yan'uwansu. Na uku, ya karɓi koke da Hausa, ko da da murya ne, domin ba kowa ke da sauƙin rubutu ba. Na huɗu, ya faɗi gaskiyar abin da ya gama da abin da bai gama ba kafin ya karɓi ko kwabo, domin alkawari kaya ne.

Ba muna cewa a bi kowace shawara ba ne, don in magini ya bi ta kowa, gini ba zai tashi ba. Mai wasa ya fi kowa sanin inda yake masa ciwo, maƙeri kuwa shi ya san magani. Amma wajibi ne ya saurara, ya auna, sa'an nan ya koma ya gaya wa jama'a abin da ya ɗauka da abin da ya bari, da dalilinsa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya sa iliminmu ya amfani na baya.