Husufin 2006 Da Darasin Da Ya Bar Mana



Na san da yawanku ba ku manta da ranar Laraba 29 ga Maris, 2006 ba. Ina Batsari ran nan. Da hantsi gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, jama'a suka cika masallatai ana sallar husufi. Bayan an idar wani yaro ya tambaye ni, wai yaya ɗan ƙaramin wata zai rufe rana. Ga amsar da na ba shi. Rana ta ninka wata wajen faɗi kusan sau 400, amma kuma nisanta ya ninka nasa kusan sau 400. Don haka a idonmu girmansu ɗaya ne. Wata na nesa da mu kimanin kilomita 384,000. Mutanen Amurka da suka sauka kansa a 1969 sun bar wani madubi can, kuma da irinsa aka auna cewa kowace shekara watan yana ƙara nisa da kusan santimita 4.

To, ba duniyarmu kaɗai Allah ya ba wata ba. A 1610 Galileo, mutumin Italiya, ya hango watanni huɗu suna kewaya Mushtari. Ɗaya daga ciki, Europa, masana na ganin akwai teku ƙarƙashin ƙanƙarar da ta lulluɓe shi. A watan Oktoba 2024 aka harba kumbo don binciko shi, ana sa ran isarsa a 2030. Mu ma Nijeriya an harba mana tauraron ɗan'adam na farko a 2003.

Jama'a, abin da ke damuna shi ne yaranmu na Batsari da Safana, waɗanda rashin tsaro ya raba da aji. Waɗanda suka dawo ma, kimiyyar a allo kawai suke ganinta. Alhali da madubin hangen nesa mai sauƙin kuɗi yaro zai ga watannin nan huɗu da idonsa, tunda samaniyarmu tas take in damina ta wuce.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta saya wa makarantarmu guda ɗaya kafin taro mai zuwa. Ni na ɗauki nauyin koya wa malaman yadda ake aiki da shi.