Soro Mai Tuluwa da Ruwan Damina



Tun da muka fara karatu, da yawa daga cikinmu sun ce soro ya yi musu duhu. Har wasu suna so su huda tsakiyar tuluwa, su sa gilashi, domin haske ya sauko a kan takarda. To, tambayar ita ce, shin ba zai yi yoyo ba?

Mu fara duban yadda aka yi soron. Magini ya ɗaura bakan gizo da azara ta giginya, ya rufe da ƙasa, ya yi masa doro. Saboda doron nan ruwa ba ya kwana a bisa, sai ya gangara ya bi indararo ya fita. Watau tuluwa kanta ba ta yoyo muddin yaɓenta yana da kyau.

Amma in aka huda ta, magana ta sake. Rana takan busar da ƙasa ta tsage, gilashi kuwa ba ya kama ƙasa. Nan wurin haɗinsu ruwa yake samun hanya. Ya jiƙa ƙasa ta yi nauyi, ya kai ga azara. Ran nan ɗigo ne a kan tabarma, wata rana kuwa rufi ne a kan mai barci.

Kada mu ɗauki tsaga da wasa. Babban Gwani Muhammadu Durugu shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya wajen 1830 da 'yan kai, ya kuwa daɗe ƙwarai. Amma a watan Agusta 2023 wani sashensa ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka. Sarkin Zazzau ya ce kwana guda kafin nan an ga tsaga a bango.

To, ina dabara? Ga abu uku, mu rubuta su.

Na ɗaya, in muna son haske, magini ya buɗe mana taga a jikin bango, can sama ƙarƙashin rawani, ba a tuluwa ba. Wanda ya riga ya huda tasa, ya ɗaga bakin kafar ya fi rufin tudu, ya riƙa dubawa bayan kowane ruwa.

Na biyu, mu hau rufi tun da bazara, mu cike kowace tsaga, mu sake yaɓe. Makuba ta ɓawon ɗorawa tana hana ruwa shiga. Laso, wanda akan haɗa da katsin marina da gashin jima, ya fi ta daɗewa.

Na uku, mu share indararo, mu tuge ciyawar da ta tsiro a bisa, gama saiwarta hanyar ruwa ce.

Aikin kwana biyu ne kafin shuka ta ɗauke mana hankali. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.