Linzami da Katanga: Matse Sauti Yayin Ɗaukar Kiɗan Fili



Duk wanda ya taɓa kafa makirfo a filin biki ya san ba ɗaya yake da situdiyo ba. A situdiyo in mawaƙi ya kauce, sai a ce ya sake. A fili kuwa, guɗar da aka rangaɗa ta tafi ke nan. Mawaƙi yana cikin lallaɓa baiti, sai sanƙira ya fizgi makirfo ya kwarara kirari. Wannan hawa da sauka shi ya kawo mu ga na'urori biyu, kwamfuresa da limita.

Kwamfuresa linzami ce. Za ka sa mata iyaka, duk sautin da ya haura sai ta janyo shi gwargwadon rabon da ka zaɓa. A rabon 4:1, sautin da ya zarce iyaka da disibel 8, disibel 2 kawai zai fita. Limita kuwa katanga ce, rabonta daga 10:1 zuwa sama, aikinta ta tare abin da ya zo a guje. Gidajen rediyo ne suka fara buƙatar irinsu tun shekarun 1930, don kada ƙara ta fi ƙarfin na'urar watsa shiri. Daga baya aka samu na'urar LA-2A mai aiki da haske, mai kamu a hankali, sannan Bill Putnam ya fito da na'urar 1176 a Amurka a 1967, wadda ke iya cafke sauti cikin kashi 20 bisa miliyan na daƙiƙa.

Wannan sauri shi ne inda kalangu ke shan wahala. Ku saurari bugu ɗaya: da farko akwai "tas" ɗin da gula ke yi a kan fata, sannan amon ya biyo, yana lanƙwasa yayin da makaɗi ke matse tsarkiya a hammata. Idan kamun na'ura ya yi sauri ainun, za ta haɗiye "tas" ɗin, kalangu ya koma kamar ana dukan katifa. Sassauta kamun zuwa kashi 10 ko 30 bisa dubu na daƙiƙa, kaifin bugun ya wuce tukuna. Sakin ma a lura da shi: ya kamata na'ura ta saki kafin bugu na gaba, in ba haka ba za ka ji kiɗan yana shaƙa yana fitarwa kamar mai haki.

Ni kaina na sha kunya a wani biki. Na matse muryar mawaƙi sosai, na ƙara mata ƙarfi don ta cika kunne. Da na koma gida na kunna, duk inda ya tsaya numfashi sai ga gurnanin janareta da hirar matan da ke bayan rumfa sun taso. Matsi yana rage tazara tsakanin babban sauti da ƙarami, don haka da ka ɗaga, har shara kake ɗagawa. Shi ne kuma ke jawo kukan lasifika a tsakiyar taro.

To mene ne mafita? Matsin da aka naɗa tare da sauti gishiri ne a miya: ana ƙarawa, ba a cirewa. A na'urar zamani, sifili shi ne rufi, abin da ya taɓa shi ya fashe. Amma ɗauka a bit 24 tana ba da fili kusan disibel 144, inda bit 16 ke ba da 96. Saboda haka ka rage ƙarfi tun daga mashiga, matsakaicin sauti ya zauna wajen disibel 18 ƙasa da sifili. Ka ajiye limita can kusa da rufi saboda guɗa da ihun sanƙira. In ka ga tana aiki a kowane bugu, ba ita ce gwana ba, kai ne ka cika ƙarfi. Kwamfuresa kuma ka bar ta sai ka zauna haɗa sauti, inda kuskure ke gyaruwa.

Makaɗi da gangan yake sassautawa, da gangan yake zafafawa, shekaru ya yi yana koyon hakan. Kada mu share masa shi da maɓalli ɗaya.